Da Adamu Bai Yi Zunubi Ba, Da Almasihu Ya Zo Kuwa? Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara, da zarar hunturu ya fara busowa, mawaƙa suka soma gwajin waƙoƙin Kirsimeti, sai wannan tambaya ta ɓullo a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki. Ana jin ta a majami'un cikin garin Gombe, ana jin ta a Kaltungo da Billiri da Tula, wani lokaci daga bakin matashi, wani lokaci daga wata uwa a zumuntar mata. Sau da yawa malamin aji yakan ce "asirin Allah ne" ya wuce. Mai tambayar ya cancanci fiye da haka, domin manyan malaman ikkilisiya sun shafe ƙarnuka suna tauna wannan magana.

Mece ce ainihin tambayar, kuma me ya sa za a damu da abin da bai faru ba?

Kowane Kirista ya yarda cewa Kalman Allah, Ɗa madawwami, ya zama mutum ya zauna a cikinmu (Yohanna 1:14), ya kuma mutu domin zunubanmu. Babu jayayya a nan. Abin da ake tambaya shi ne: zaman Kalma mutum magani ne da aka kawo bayan ciwo ya kama, ko kuwa tun fil azal shi ne abin da Allah ya nufa da halittarsa, sai zunubi ya sa zuwan ya bi ta gicciye?

Amsar da mutum ya bayar takan nuna abin da ya ɗauki ceto. Wanda yake ganin ceto mai da mu gonar Aidan ne kawai, iyakar begensa matsayin Adamu, wanda maciji ya kayar a hira ɗaya. Wanda kuwa ya ga cewa tun farko an halicci mutum domin ya kai wani wuri da Adamu bai kai ba, zai karanta Kirsimeti da tashin matattu da wani ido dabam.

Littafi Mai Tsarki ya ba da amsa kai tsaye?

Babu ayar da ta ce "da mutum bai faɗi ba, da kaza ya faru." Abin da muke da shi jerin ayoyi biyu ne. Jeri na farko yana ɗaure zuwan Yesu da zunubi ƙarara: Ɗan Mutum ya zo neman abin da ya ɓata domin ya cece shi (Luka 19:10), ya zo ya ba da ransa fansa (Markus 10:45), ya shigo duniya domin ceton masu zunubi (1 Timoti 1:15), ya ɗauki nama da jini domin ta wurin mutuwa ya hallaka mai ikon mutuwa (Ibraniyawa 2:14), an bayyana shi domin ya rushe ayyukan Iblis (1 Yohanna 3:8).

Jeri na biyu yana kai Almasihu can baya, kafin a yi zancen zunubi. Kolosiyawa 1:15-17 ta ce shi ne surar Allah marar ganuwa, dukan abu ta wurinsa aka halitta, kuma dominsa. Afisawa 1:4 ta ce an zaɓe mu a cikinsa tun ba a kafa duniya ba, aya ta 10 kuma ta ce nufin Allah shi ne a tattara kome, na sama da na ƙasa, a cikin Almasihu. Romawa 5:14 ta kira Adamu kwatancin mai zuwa. A Afisawa 5:31-32 Bulus ya ɗauko maganar aure daga Farawa 2:24, wadda aka faɗa kafin faɗuwa, ya ce asirinta Almasihu ne da ikkilisiya. Duk mai gaskiya da nassi dole ya riƙe jerin nan biyu tare.

Su wa suka fara wannan muhawara?

Iyayen ikkilisiya na farko sun taɓo ta a gefe. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka (ya rasu a 430), ya faɗa cikin wa'azi cewa da mutum bai ɓata ba, da Ɗan Mutum bai zo ba. A gabas kuma Maksimus mai Shaida (ya rasu a 662) ya koyar cewa haɗuwar Allahntaka da mutuntaka cikin Almasihu ita ce manufar da aka yi dukan halitta dominta. Wanda aka fi dangantawa da fito da tambayar fili shi ne Rupert na Deutz, shugaban wani gidan sufaye a Jamus (ya rasu a 1129), shi kuwa ya ce da Almasihu ya zo ko da mutum bai yi zunubi ba. Robert Grosseteste, bishop na Linkon a Ingila (ya rasu a 1253), ya bi bayansa da hujjoji masu yawa.

Daga nan aka samu manyan ɓangarori biyu: Toma Akwinas (ya rasu a 1274) da Yohanna Duns Skotus (ya rasu a 1308). A zamanin gyaran ikkilisiya, Andreas Osiander, wani malamin Lutheran a Jamus, ya ce da Almasihu ya zo ko babu zunubi, Jon Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran, ya mayar masa da martani mai zafi. A ƙarni na 20 Karl Barth, malamin tauhidi ɗan ƙasar Switzerland (ya rasu a 1968), ya sake tayar da zancen ta wata fuska, inda ya sa zaɓen Yesu Almasihu a farkon dukan ayyukan Allah.

Mece ce hujjar Akwinas, mece ce ta Skotus?

Akwinas ya tsaya a kan iyakar saninmu. Abin da ya fito daga nufin Allah zalla, wanda babu halittar da take bin Allah bashinsa, ba a sanin dalilinsa sai ta abin da Allah ya bayyana. Nassi kuwa, in ji shi, ko'ina zunubi yake ambata a matsayin dalilin zuwan Almasihu. Saboda haka ya fi dacewa a ce da babu zunubi da bai zo ba. Amma ya ƙara da cewa ikon Allah bai taƙaita ga wannan ba, da ya so da ya zama mutum ko babu zunubi. Masu kafa hujja da shi sukan manta da wannan ƙarin.

Skotus ya bi ta tsarin nufi. Mai hankali yakan fara nufin manufa, sannan abin da zai kai shi gare ta. A ɗauki mutumin da ya sayi fili a unguwar Tumfure ta Gombe domin ɗansa ya zauna da amaryarsa. Ya zuba harsashi, ya ɗaga bulo, sai damina ta kayar da bango ɗaya, ya kira magina suka gyara. Wanda ya iso ranar gyaran zai iya zaton bangon ne dalilin aikin, alhali auren ne dalili tun ranar da aka auna filin. A wurin Skotus, mutuntakar Almasihu ita ce mafificin aikin Allah, ba zai yiwu mafificin aiki ya zama abin da laifin Adamu ya jawo ba. Ya kuma ce ba a ƙaddara wa kowa ɗaukaka saboda faɗuwar wani, domin kada wani ya sami dalilin murna da faɗuwar ɗan'uwansa. A ra'ayinsa da Almasihu ya zo, amma ba a matsayin mai fansa ba.

A ganinmu Skotus ya fi kama zaren Kolosiyawa da Afisawa, Akwinas kuma ya fi shi gaskiya wajen gargaɗin kada a mai da wannan dokar bangaskiya.

Ashe Adamu ba cikakke ba ne kafin ya faɗi?

Marar aibu ne, amma ba a gama aikinsa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai ginin tukwane ya ga bambancin. Tukunyar da aka gama ginawa aka shafe ta sumul, babu tsaga babu karkata, tana shan iska a inuwa, kyakkyawa ce ƙwarai. Amma in ruwan sama ya same ta a haka, narkewa za ta yi ta koma yumɓu, domin ba ta shiga wuta ba. Bayan an gasa ta, in ka ƙwanƙwasa za ka ji tana amo, ruwa kuma ta riƙe shi. Adamu ɗanyar tukunya ne.

Tiyofilus na Antakiya da Ireniyus na Liyon, dukansu a ƙarni na 2, sun kwatanta Adamu da yaro wanda aka nufa ya yi girma. Agustin ya tsara abin daki-daki: Adamu yana iya ƙin yin zunubi, yana kuma iya yi, mutum bayan faɗuwa ba ya iya kuɓuta daga zunubi da ƙarfin kansa, mutum a cikin ɗaukaka kuwa ba zai iya yin zunubi ba sam. Matsayi na ƙarshe ya fi na farko nesa ba kusa ba. Bulus ma a 1 Korantiyawa 15:45-49, da zai gwada jikin tashin matattu da jikin yanzu, Farawa 2:7 ya ɗauko, wato Adamu tun bai yi zunubi ba, ya ce na farko daga turɓaya yake, na biyu daga sama.

To, da bai ci ɗan itacen ba, me zai faru da jikinsa? Da zai mutu?

Farawa 2:17 da Romawa 5:12 sun ɗaure mutuwa da zunubi, saboda haka da bai mutu ba. Sai dai rashin mutuwar ba daga yumɓunsa yake ba, kyauta ce. Itatuwa biyu aka ambata a tsakiyar gonar (Farawa 2:9), na sanin nagarta da mugunta da kuma itacen rai, kuma dalilin korarsa shi ne kada ya miƙa hannu ya ci daga itacen rai ya rayu har abada (Farawa 3:22-24). Wato akwai wani rai da aka ajiye masa a gaba wanda bai riga ya karɓa ba. Itacen nan bai sake bayyana a matsayin abin ci ba sai a Ru'ya ta Yohanna 2:7 da 22:2, a can kuma ta hannun Almasihu ake samunsa.

Agustin ya koyar cewa da an sāke jikin Adamu zuwa jiki na ruhu ba tare da ya bi ta kabari ba, ya kawo misalin Anuhu (Farawa 5:24) da Iliya (2 Sarakuna 2:11). Bulus ya faɗi irin wannan game da waɗanda dawowar Ubangiji za ta iske da rai: ba duka za mu yi barci ba, amma dukanmu za a sāke mu, farat ɗaya (1 Korantiyawa 15:51-52). A nan ne tambayar ta tsananta. Idan jikin ɗaukaka a Filibiyawa 3:21 kamannin jikin Almasihu ne, to da kamannin wa za a sāke Adamu in babu Almasihu mai jiki? Wannan ce hujja mafi nauyi a hannun masu bin Skotus.

Ana cewa mutum zai yi tarayya da halin Allah. Wannan ba shirka ba ce?

A Gombe, inda maƙwabci Musulmi yana jin wa'azinmu ta lasifika, dole a faɗi wannan da kan gado. Kalmar daga 2 Bitrus 1:4 take. Atanasiyus na Iskandariya (ya rasu a 373) ya faɗe ta da ƙarfi, cewa Kalma ya zama mutum domin a allahntar da mu, ikkilisiyoyin Otodoks kuma har yau a nan suke kafa koyarwar ceto. Babu ɗayansu da yake nufin mutum zai zama Allah na biyu, ko a yi masa sujada, ko ya daina zama halitta.

Kwatancin da suka saba bayarwa na maƙera ne. Maƙeri ya tura ƙarfe cikin gawayi, yaro yana buga zugazugi, har ƙarfen ya yi ja wur. Yanzu yana haske, yana ƙuna, abin da wuta ke yi yana yi. Amma ƙarfe ne, in aka janye shi gefe zai huce ya koma baƙi. Zafin na wuta ne, ƙarfen karɓa ya yi. Haka abin da Ɗa yake da shi bisa ga ainihinsa, mu muna karɓa ta wurin alheri a matsayin 'ya'yan da aka ɗauka (Galatiyawa 4:4-5): tsarki, rashin ruɓewa, ɗaukaka. Babban taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a Kalsidon a 451 ya riga ya kafa shinge, inda ya ce ko a cikin Almasihu kansa Allahntaka da mutuntaka sun haɗu ba cakuɗewa, ba rikiɗewa, ba rarrabuwa, ba warewa. In mutuntakarsa ba ta narke ba, tamu ba za ta narke ba.

Amma ai "za ku zama kamar Allah" maganar maciji ce?

Maganarsa ce a Farawa 3:5. Sai dai 1 Yohanna 3:2 ta ce sa'ad da ya bayyana za mu zama kamarsa, Romawa 8:29 kuma ta ce an ƙaddara mu mu ɗauki kamannin Ɗansa. Maciji ya ɗauki abin da Allah ya yi niyyar bayarwa a lokacinsa, ya ce a ƙwace shi yau, ba biyayya, ba jira. Filibiyawa 2:6-9 ta nuna hanya ta gaskiya: wanda yake da surar Allah bai riƙe daidaitarsa da Allah kankan ba, ya ƙasƙantar da kansa, sai Allah ya ɗaukaka shi. Game da iyakar wannan kamanni, duba amsar da ke sama kan shirka.

Wannan koyarwa ba ta rage darajar gicciye ba?

Tana iya ragewa in aka koyar da ita da sakaci, abin da Kalbin ya ji tsoro ke nan a wurin Osiander. Duniyar da babu zunubi ba ta taɓa kasancewa ba. A wadda muke ciki babu mai isa ga ɗaukaka sai ta jinin Almasihu, Skotus ma bai musa ba. Abin lura shi ne Kalbin da kansa ya rubuta cewa ko da mutum bai ƙazantu ba, matsayinsa ya yi ƙasa da ya isa wurin Allah ba tare da matsakanci ba. Abin da ya ƙi yarda da shi kawai shi ne cewa lallai matsakancin sai ya ɗauki jiki ko da babu zunubi.

In aka bi ta daidai, gicciyen ƙara nauyi yake yi. Allah ya nufi zama tare da mutane (Ru'ya ta Yohanna 21:3), mutum ya tayar, Allah bai janye nufinsa ba ko da yake yanzu zai ci ran Ɗansa.

Tun da Allah ya san Adamu zai faɗi, tambayar ba ta zama banza ba?

Rabin wannan gaskiya ne. 1 Bitrus 1:19-20 ta ce an riga an san Almasihu, Ɗan Rago marar aibu, tun kafin kafuwar duniya. Zunubi bai zo wa Allah bagatatan ba, bai kuma yi shiri na biyu bayan na farko ya rushe ba. Saboda haka in malamai suka ce "farko" da "baya" a nufin Allah, ba jerin lokaci suke nufi ba. Suna tambaya ne wanne aka yi domin wanne. An yi Almasihu domin Adamu, ko an yi Adamu domin Almasihu? A wannan siga tambayar tana da amsa a nassi, Kolosiyawa 1:16 ta ce dominsa aka yi kome.

Na ji ana kiran zunubin Adamu "laifi mai albarka." Daidai ne?

Kalmar tana cikin tsohuwar waƙar yabo da Katolika ke rerawa a daren jajiberin Ista, inda ake cewa laifin ya samo mana Mai Fansa mai girma haka. Harshen mamaki ne da godiya, dangin Romawa 5:20, inda zunubi ya yawaita alheri ya fi shi yawaita. Ba a gina koyarwa a kanta cewa zunubi alheri ne ko Allah yana bukatarsa. Bulus ya rufe wannan ƙofa a Romawa 6:1-2. Rashin jin daɗin wannan kalma yana cikin abin da ke jan wasu zuwa ra'ayin Skotus (duba hujjarsa a sama).

Wanne ra'ayi ne ikkilisiya ta amince da shi?

Shaidar bangaskiya ta Nikiya (325, aka kammala a Kustantiniya a 381) ta ce ya sauko "dominmu mutane da domin cetonmu," ba ta shiga zancen "da" ba. A Katolika ra'ayoyin biyu suna zaune lafiya: sufayen ƙungiyar Dominikan sun fi bin Akwinas, na ƙungiyar Faransiskan sun fi bin Skotus, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tabbatar da shi cikin masu albarka a 1993. Ikkilisiyoyin bishara na yankinmu, irin su ECWA da COCIN, sun gaji wa'azin da ya fi jaddada fansa da gicciye, don haka kunnen membobinsu ya fi sabawa da amsar Kalbin. Ba batun da za a hora memba a kansa ba ne, ko a hana shi Jibin Ubangiji.

Yaya za a koyar da wannan a aji ba tare da rikita mutane ba?

Zama uku na minti 45 sun isa, kada a cusa shi a zama ɗaya. A zama na farko a karanta Farawa 1:26-28, 2:7-17 da 3:22-24 kawai, a tambayi aji: me Adamu yake da shi, me kuma bai samu ba tukuna? A bar su su gano itacen rai da kansu. A zama na biyu a raba allo gida biyu, a rubuta jerin ayoyin nan biyu da ke cikin amsa ta biyu, a ba mutum biyar ko shida su karanta da ƙarfi, sannan a ba Akwinas minti 5, Skotus minti 5. A zama na uku a ɗauki 1 Korantiyawa 15:42-53 da 2 Korantiyawa 3:18, a nuna cewa sākewar ta riga ta soma ta wurin Ruhu Mai Tsarki, daga ɗaukaka zuwa ɗaukaka, za ta cika ranar tashin matattu.

Ga inda abin yakan lalace. In malami ya fara da sunayen Turawa kafin nassi, dattawa za su ɗauka falsafa ce aka shigo da ita, su toshe kunne. In ya ce "za mu zama Allah" bai kawo kwatancin ƙarfe da wuta nan take ba, kafin yamma maganar ta zaga unguwa a karkace, gara ya tsaya a kan kalmar nassi, "kamarsa." In ya ce Adamu bai cika ba, bai bambanta rashin kammaluwa da aibu ba, wani zai fita da tunanin Allah ya yi aikin ha'inci, alhali Farawa 1:31 ta ce kome yana da kyau ƙwarai. Sannan akwai tambayoyin da za su biyo baya lallai: a wace shekara zai zo, a wane gari, ta wurin Maryamu ko wata? A nan malami ya buɗe Maimaitawar Shari'a 29:29 ya karanta wa aji, cewa asirtattun abubuwa na Ubangiji ne, bayyanannu kuwa namu ne da 'ya'yanmu, sannan ya mai da su ga ayar da aka tsaya.